Filin Lafiyar Mata: Jinin Da Ke Ɓallewa Bayan Wankin Ciki

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙo uku kawai zan ɗauka wannan makon, dan na farkon kaɗai ya isa ya cinye shafin. Na ɗan rage masa tsawo amma na bar shi da bakin mai shi. Masu tambayar ciwon sanyi da maganin ƙiba ku yi min haƙuri sai wani makon, na ga saƙonninku.

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni daga Talata Mafara nike, shekarata 27, shekara biyar da aure Allah bai ba ni ciki ba sai bara, yana wata ukku ya zube. Anka kai ni asibiti anka yi mani wankin ciki, jini ya ɗauke bayan kwana goma na ɗauka shi ke nan. Bayan kamar sati biyar ina tsaye ina tankaɗe sai kawai na ji abu ya ɓalle mani kamar an kwance famfo, jajir da gudaji, kafin in kai ɗaki zane ya jiƙe sharkaf kuma babu ciwon mara ko kaɗan, can sai ya tsaya da kanshi. Munka tahi wani asibitin kuɗi sunka ce saura ne ya rage sunka sake wanke ni, nan fa na leƙa lahira, sai da anka ƙara mani jini leda ukku sannan sunka tura mu Gusau. Can likitan mata ya yi mani hoto ta gaba, na ga ja da shuɗi sun cakuɗe ga talabijin ɗin, ya ce jijiyoyin jini ne sunka harɗe ga jikin mahaifa, ya rubuta AVM ga kati, ya ce kada in yarda kowa ya sake wanke ni, ya ba ni magani ya ce in dawo bayan sati huɗu. Yanzu uwar mijina ta ce ta ji labarin masu wanga ciwo cire masu mahaifa akai, har an fara yi ma maigidana maganar ƙarin aure. Anti mi ne ne wanga abu? Zan haihu kuwa? Kuma in na aje maganin na nemi ciki, cikin zai toshe wurin? Wallahi ko barci ba ni yi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ƙara sauƙi ya kuma mayar miki da abin da kika rasa da mafi alheri. Kafin komai ki riƙe maganar likitan nan da hannu biyu: kada wanda ya sake sa miki ƙarfe ko abin zuƙe a mahaifa sai wanda ya ga katin nan ya kuma ga hoton. Ko a sume aka kai ki wani wuri, wanda ya raka ki ya faɗa musu tun daga bakin ƙofa. Ki ɗauki hoton katin a wayarki da wayar maigida, dan kati yana ɓata ranar da aka fi bukatarsa.

To mene ne abin? Tunda a Mafara kike kin san yadda ruwan Bakolori yake zuwa gona. Babban kwalbati ne ke kawo shi da ƙarfi, sai ya rabu zuwa ƙananan hanyoyi, su ma su rabu, kafin ya kai ga shinkafa ya huce yana tafiya a hankali, abin da ya rage sai ya bi magudana ya fita. Haka jini yake a jiki, akwai jijiyar da ke kawo shi daga zuciya da ƙarfinsa, akwai wadda ke mayar da shi kuma ita bangonta siriri ne ba a yi ta dan ɗaukar ƙarfi ba, a tsakaninsu kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da suka fi gashi siranta, su ke rage wa jinin gudu. A wannan lalurar sai mai kawowa ta zarce kai tsaye cikin mai mayarwa babu 'yan tsakiyan nan, wurin ya kumbura ya zama curi guda na jijiyoyi a cikin naman mahaifa, jini na gudu a ciki kamar an kunna injin ban ruwa an liƙa masa tsohon tiyo. Duk ranar da fatar da ta rufe shi ta saɓule, ko lokacin al'ada ko an karce shi da ƙarfe, sai ya ɓalle. Shi ya sa kika ga ya zo miki lokaci ɗaya, jajir, babu ciwo, ya kuma tsaya lokaci ɗaya. Wannan siffar ta a buɗe a rufe kamar famfo ita ce ke sa mu zargin abin tun kafin a yi hoto.

Ba sabon ciwo bane, tun 1926 likitoci biyu suka fara rubuta bayaninsa, sai dai ba shi da yawa, shi ya sa ma'aikaci zai iya shekaru bai haɗu da shi ba. Akwai wanda ake haihuwar mace da shi amma wannan ƙalilan ne. Mafi yawa daga baya ake samunsa, bayan mahaifa ta ji rauni: wankin ciki, ɓari, tiyatar haihuwa, aikin cire ƙari, ko irin cikin nan da babu ɗa a ciki sai ƙulli-ƙulli kamar ƙwan kwaɗo wanda likitoci ke kira mola. Ba jifa bane ba sammu bane, kuma ba wani abu kika ci ko kika ɗauka ba.

Wankin farko da aka yi miki ban ga laifinsa ba, ɓarin wata uku in ya bar saura dole a fitar da shi kuma wankin ciki ya ceci mata da ba su ƙirguwa. Inda nake da magana shi ne na biyun. Macen da aka riga aka wanke, ta yi sati biyar lafiya sannan jini ya ɓalle mata haka, kamata ya yi a tsaya a duba kafin a sake shiga. Matsalar ita ce a hoto na fari da baƙi da aka saba yi, curin jijiyar nan da sauran mabiyiya kusan kama ɗaya suke. Sai an kunna mai launin nan da kika gani, sunansa dofla, shi ne ke nuna jini yana tafiya, ja da shuɗin suna nuna inda ya nufa, in suka cakuɗe kamar zanen atamfa to jini ne ke juyi a wurin da gudu, kuma injin yana iya auna gudun da lamba. Yawancin injinan hoto na yanzu suna da shi, maɓalli ne kawai, abin da ake rasa shi ne wanda zai tuna ya danna ya kuma iya karantawa. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da aka wanke sau uku a cikin wata biyu, tafin hannunta ya yi fari fat kamar takarda, mijin yana riƙe da rasit uku a hannu yana ce min ai duk abin da aka ce mu biya mun biya. Ba wanda ya yi mata dofla ko sau ɗaya.

Yanzu ga abin da zai kwantar miki da hankali. Da yawa daga abin da ake rubuta wa AVM bayan ɓari ba na dindindin bane. Lokacin ciki jijiyoyin mahaifa suna buɗewa sosai, ciki in ya kai watan haihuwa jinin da ke bi ta mahaifa ya kai rabin lita ko fiye a minti ɗaya, to bayan ɓari wurin da mabiyiya ta zauna wani lokaci yana jinkirin komawa yadda yake musamman in ɗan guntu ya maƙale. Irin wannan sau da yawa da kansa yake lafawa cikin makonni ko 'yan watanni. Ina kyautata zaton shi ya sa likitanki ya ce ki dawo bayan sati huɗu, yana so ya sake aunawa ya ga ko gudun yana raguwa. Kada ki fasa komawa dan kin ga jini ya tsaya. Zai kuma so a yi gwajin ciki na jini, wanda ke ba da lamba, dan a tabbatar sinadarin ciki ya sauka ya ƙare, saboda mola da ciwon da ke biyo bayansa su ma suna ba da irin wannan hoton kuma maganinsu daban ne. In an ce ki yi, ki yi, kada ki ce ai ni ba ni da ciki me za a gwada.

Maganin da ya ba ki baki faɗi sunansa ba, amma a irin wannan hali akan ba da ƙwayoyin da ke kwantar da fatar cikin mahaifa, irin na tazarar haihuwa, ko allurar da ke tsayar da al'ada gaba ɗaya na wata uku zuwa shida, wadda ke sa mace jin zafi na taso mata da gumi kamar mai daina al'ada amma yana wucewa in an daina, da kuma traneksamik mai taimaka wa jini ya daskare lokacin zuba. Na san inda gizo ke saƙar, da zarar dangin miji suka ji an ce maganin tazara za a ce an kashe mata mahaifa. Ba ya kashewa, hutu ake ba wurin ya warke.

Maganar ki aje magani ki nemi ciki ya toshe wurin kuwa, a'a ƙanwata, a'a. Ciki ba ya toshe shi, ƙara masa jini yake yi, kin ji lissafin da na ba ki a sama. Ciki a kan curin da bai warke ba yana iya sake zubewa kuma zubar jinin ta fi ta baya muni. Ki bari sai likita ya duba da dofla ya ce wurin ya share.

Cire mahaifa da surukarki ta ji labari gaskiya ne ana yi, a da ma shi ne kusan kawai abin da ake da shi, amma yau shi ne matakin ƙarshe, ga wadda ta gama haihuwa ta zaɓi haka, ko wadda jini ya ƙi tsayawa ta kowace hanya aka ga rai zai tafi. Tsakanin ƙwaya da cirewa akwai matakai, na yi bayaninsu a amsa ta biyu a ƙasa. Mata da yawa sun haihu bayan wannan lalura, wasu bayan ta lafa da kanta wasu bayan an yi musu aiki. Ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun Allah ba, amma abin da kika rubuto bai nuna ƙofa ta rufe ba.

Sai dai akwai abin da ba wanda ya faɗa a gidanku ni zan faɗa. Wannan curin bayan ɓari ya samu, to shekara huɗun da kika yi kafin cikin fa, me ya hana? Ba shi bane. Ma'aurata in suka shekara ɗaya suna tare babu ciki ya kamata a duba su, su biyun, kuma a cikin irin waɗannan matsaloli kaso mai yawa daga wajen namiji ne ko daga duka biyun. Gwajin maniyyi ya fi duk gwajin da za a yi miki arha da sauƙi. Ƙarin aure halal ɗinsa ne ba ni da ta cewa, amma wannan watannin da kike jira lokaci ne mai kyau ya je shi ma a duba shi. Ki faɗa masa cikin lalama ku biyu a ɗaki, ba a gaban Inna ba.

Abu na ƙarshe kuma shi ya fi damuna, nisa. Jinin jikin mace gaba ɗaya lita huɗu zuwa biyar ne, ledar da aka ƙara miki kowace ɗaya bata cika rabin lita ba, kuma wannan abu ba ya sallama kafin ya zo. Ke da ni mun san halin hanyoyinmu da dare, ba kowane direba zai yarda ya tashi daga Mafara zuwa Gusau ƙarfe biyun dare ba ko nawa za a ba shi. In kina da 'yan'uwa a Gusau ki roƙi maigida ki zauna wurinsu har a sake hoton. In ba hali, ku san rukunin jininki, ku tanadi mutum biyu ko uku da an riga an gwada su da za su iya bayarwa, a aje kuɗin mota gefe guda. In kika ga kina jiƙe audugar mata guda cikin awa ɗaya har awa biyu a jere, ko gudaji manya, ko jiri da bugun zuciya da ganin duhu, a tafi asibiti mafi kusa nan take ba sai an jira gari ya waye ba, suna iya sa ruwa da jini su kuma sa ɗan balan-balan a cikin mahaifa ya danne wurin kafin a wuce da ke gaba. Ki sha maganin ƙarin jininki kullum, ki ci hanta da wake da zogale, kada ki kora maganin da shayi dan shayi na hana jiki ɗaukarsa, a riƙa duba PCV, wato gwajin yawan jini. Asfirin da haɗe-haɗen kemis na ciwon jiki ki bar su, haka jiƙe-jiƙen wanke mahaifa da matsi.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni magidanci ne daga Ƙauran Namoda. Iyalina an same ta da irin wannan harɗewar jijiya bayan tiyatar haihuwarta ta biyu, an yi wata huɗu ana magani bai ragu ba, sau biyu ana ƙara mata jini. Yanzu likita ya ce sai dai a tura mu inda ake toshe jijiyar. Tsorona in an toshe jijiyar da ke ba mahaifa jini ai mahaifar ta mutu ke nan, ita kuma tana son ƙarin haihuwa. Ki ba ni shawara tsakani da Allah.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da tsayawa a kan lafiyar iyalinka. Tambayarka ta mai hankali ce. Mahaifa ba jijiya ɗaya ke ciyar da ita ba, akwai manya biyu dama da hagu, akwai kuma wasu da ke gangarowa ta wajen ƙwayayen haihuwa da ta ƙasa, duk suna haɗe da juna, shi ya sa in an toshe reshen da ke ciyar da curin, naman mahaifa yana samun rabonsa ta wata hanya.

Yadda ake aikin, ba a yanka ciki. Ana kashe zafi a saman cinya wajen matse-matsi, a huda jijiya a zura wani siririn tiyo, likitan yana kallonsa a allo yana tura shi har ya kai jijiyar mahaifa, ya zuba ruwan da ke sa jijiyoyi su fito a hoto ya ga curin ƙuru-ƙuru, sannan ya tura abin toshewa. Akwai mai kamar soso da ke narkewa bayan 'yan makonni, akwai 'yan ƙwayoyi da wani irin gam da ke zama dindindin, likita ke zaɓa gwargwadon girman abin, dan haka tun kafin a shiga ku faɗa masa a fili cewa tana son haihuwa. Idonta biyu ake yi. Bayan an gama za ta kwanta ƙafa a miƙe na wasu awanni, za ta yi ciwon mara mai ƙarfi kwana ɗaya zuwa uku wani lokaci da ɗan zazzaɓi, yawanci kwana ɗaya ko biyu ake sallama. Wani lokaci sai an maimaita. Dabarar ba sabuwa bace, tun ƙarshen shekarun 1970 ake tsayar da jinin haihuwa da ita, a 1995 kuma likitoci a Faransa suka bayyana amfani da ita wajen ƙarin mahaifa.

Tsakani da Allah da ka ce: ana samun ciki bayansa kuma an haifi yara lafiya, amma ba a ɗaukar cikin a matsayin ciki na yau da kullum. Akwai yiwuwar ɓari, akwai yiwuwar mabiyiya ta maƙale a jikin mahaifa ta ƙi fita, kuma ita da ma tana da tabon tiyata wanda shi kansa yana ƙara wannan haɗarin. Ƙalilan kuma aikin na taɓa ƙarfin ƙwayayen haihuwarsu, an fi ganin haka ga waɗanda suka haura 40. Galibi akan ce a jira kamar wata shida a sake dofla kafin a nemi ciki, ta fara shan folik asid tun kafin ya shiga, awo da wuri, haihuwa kuma a babban asibiti mai ma'ajiyar jini, ba gida ba ba ƙaramin asibitin unguwa ba.

Aikin yana bukatar ɗaki na musamman da likitan hoto da ya ƙware a kansa, kuma ba kowane babban asibiti ke da su ba, akwai tsada kuma. Kada ku ɗauki mara lafiya ku kama hanyar Sakkwato ko Zariya ko Kano ko Abuja a kan ji-ta-ji-ta, ku sa likitanku ya rubuta takardar turawa ya kuma yi waya ya tabbatar ana yi a wurin a wannan lokacin, injin yana aiki, da abin da za a kashe. Ku tafi da duk hotunan da aka yi, in ya ce a yi hoton MRI kafin tafiya dan a ga girman abin da inda ya tsaya ku yi. In toshewar ta gagara, ka tambaye shi batun ɗaure jijiyoyin mahaifa ta tiyata, ko yanke curin kaɗai in ƙarami ne a wuri ɗaya, waɗannan likitocin mata na iya yinsu kuma mahaifa na nan. Wata huɗu da ƙarin jini sau biyu, a ganina lokacin jira ya wuce.

TAMBAYA: Anti ni kuma sallah da azumi ne matsalata, jinin yana zuwa yana ɗaukewa ban san na haila bane ko na ciwo. Daga Tsafe.

AMSA: 'Yar'uwa wannan fagen malamai ne, ki kai wa malamar islamiyyarku da lissafin kwanakinki a rubuce. Abin da na sani tun muna 'yan makaranta, a mazhabarmu ta Malikiyya haila bata wuce kwana 15, jinin biƙi kuma bai wuce 60, abin da ya zarce jinin ciwo ne ana sallah da shi. Kuma duk lokacin da na ga ja da shuɗin nan a allo sai na tuna hadisin Faɗimatu bintu Abi Hubaish da ta kai kukan jinin da ba ya ɗauke mata, Manzon Allah (SAW) ya ce mata wannan jijiya ce ba haila ba. Ba ina cewa ciwonta ne wannan ba. Azumi kuwa in jininki ya yi ƙasa har kina jiri, ki tambayi likita ko jikinki zai ɗauka, mara lafiya an ba shi damar ramawa. Kuma baki faɗa min ko an taɓa yi miki hoto ba, in ba a yi ba ki je, ki ce musu da bakinki a kunna mai launin.